Sunan Garinmu a Baƙar Taga

Mutumin da aka ce zai tarye ni a filin jirgin Haidarabad bai zo ba. Na zauna a kan akwatina tun hantsi har azahar, riƙe da takarda mai lambar wayarsa, lambar da ko sau ɗaya ba ta shiga ba.

Sunana Mu'azu. Ɗan wani ƙauyen Hausawa ne ni a Jazira ta ƙasar Sudan, tafiyar rabin awa daga Hasahisa idan ruwa bai ɓata hanya ba. Na karanta kwamfuta a Madani, na yi shekara biyu ina yawon neman aiki a Hartum, har na haɗu da wani dillalin karatu da ake kira Ustaz Tijani. Shi ya nuna mini hotunan wata makaranta a Indiya mai bene da furanni, ya ce wata shida kawai zan yi na iya haɗa wa kamfanoni rahotanni, daga nan sai aiki a ƙasashen Larabawa na Halij. Baba ya sayar da saniyar da muke tatsa, bai ce mini komai ba sai, "Ka kama salla."

Da yunwa ta fara juya mini kai a filin jirgin, sai na ji bakina ya furta, "Yau ina zan nuhwa ni Mu'azu?"

Wani dattijo mai hula zanna da ke tsaye kusa da ni ya juyo.

"Kai, wace Hausa ce wannan? Basakkwace ne kai?"

"Daga Sudan nike, Alhaji. Kakanninmu ne suka hito Sakkwato."

Ya dube ni daga rawani har takalmi, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Rabona da jin irin wannan tun kakata tana da rai. Tashi, ɗauko kayanka."

Alhaji Sabo ke nan, mutumin Kano, wanda ya yi shekaru a garin yana yi wa marasa lafiya 'yan Najeriya tafinta a asibitoci. Ya zo taryen wani mai ciwon ƙoda ne, ya haɗa da ni. A keke mai ƙafa uku muka cusu mu uku da kaya, har unguwar Tolicoki, inda yake da ɗaki ɗaya da ɗan kicin. Ya shimfiɗa mini katifa a gefen taga ya ce na zauna kwana biyu kafin na samu wuri. Shekara ɗaya da rabi na yi a kan katifar nan.

Makarantar tana Amirfet, unguwar da allunan tallar koyon kwamfuta suka rufe gine-gine har ba ka ganin tagogi. Na sha wahala kafin na gano ta, a hawa na uku, saman shagon masu gyaran waya. Babu furanni. Ɗaki ne guda da fanka biyu, mu kusan arba'in a ciki.

Aikin da na zo koya ga yadda yake. Kamfani yana da bayanai a warwatse, na sito daban, na motoci daban, na rassa daban. Sai wani ya rubuta jerin umarni da zai je ya kwaso su, ya tsabtace, ya haɗa, ya loda su wuri ɗaya, inda manya za su buɗe su ga rahoto da zane-zane. Wannan jerin umarnin shi muke kira rubutun lodi. A makarantar nan, kwamfuta ɗaya ce tak take haɗe da babbar na'urar da ake gwada rubutun a kanta. Kowa yana samun rubu'in awa, sau biyu a mako. Ka zauna, ka rubuta, ka danna, ka jira, ta fito maka da jan rubutu, kafin ka gane inda ka kuskure na bayanka ya dafa maka kafaɗa.

A mako na bakwai muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai shagon ƙasa ya ce mai makarantar ya kwashe kujerunsa tun asuba. Na kira Ustaz Tijani, ya ce na yi haƙuri zai bincika. Washegari lambarsa ta daina shiga. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne takardar zamana a ƙasar da sunan makarantar take.

Daga nan na kwanta. Zazzaɓi ne, amma ni na san rabinsa kewa ce. Abincin garin nan barkono ne da shinkafa, cikina ya ƙi shi ƙememe. Ina kwance sai na riƙa jin ƙamshin kisrar Inna, gurasarmu ta dawa, a kan tanda, ina ganin ruwa yana shiga hawasharmu, wato gonar da Baba yake nomawa tun kafin a haife ni, yana bin kunya-kunya a hankali. Duk Juma'a ina kiran gida.

"Karatu fa, Mu'azu?" in ji Inna.

"Tamam, Inna. Komai tamam."

"To mi ya sa muryarka ta yi ƙasa?"

"Sanyin fanka ne."

Alhaji Sabo yana jina. Sai da na ajiye wayar ya buɗe akwatina ba tare da ya nemi izini ba, ya zaro ƙullin busasshiyar kuɓewa da Inna ta daka mini, wadda muke kira weka. Ya tuƙa tuwon garin alkama, ya kaɗa miya, ya ajiye a gabana.

"Ci. Ba irin na Innarka ba ne, amma ci. Kuma ƙaryar nan da kake yi mata, ka sani ta fi ka sanin muryarka."

Na cinye kwanon tas, ina ci hawaye na zuba, shi kuma ya juya baya yana wanke tukunya kamar bai gani ba.

Shi ne ya kai ni wurin Madam Saroja. Mijinta yana zuwa wankin ƙoda a asibitin da Alhaji yake kai mutanensa, sun shekara suna zama a benci ɗaya suna jira, har suka saba. Tana da ɗan kamfani na mutum shida a Sikandarabad, suna rubuta wa 'yan kasuwar waje rubutun lodi, kuma tana neman wanda ya iya karanta Larabci. 'Yar ƙaramar mata ce mai furfura, ta haura sittin, tabarau a rataye a wuya. Da Turanci muke magana, nawa kuwa a lokacin gurgu ne.

Ta saurari labarina har ƙarshe. Da kanta ta kai ni wata makaranta mai rajista, ta tsaya har aka mayar da takarduna can. Ranar da na fara zuwa ofishinta na fito da tsohuwar kwamfutata ta cinya da maus ɗina. Ta miƙo hannu ta zare maus ɗin, ta jefa a aljihun tebur ta rufe.

"Wannan sai bayan wata uku," in ji ta.

Ta buɗe mini wata baƙar taga a fuskar kwamfutar. Babu hoto, babu abin dannawa, sai ɗan farin layi yana ƙyaftawa.

"Nan za ka zauna. Ka rubuta mata abin da kake so, ta yi. Ba ta da wayo, ba ta kuma ƙarya."

"Madam, babbar na'urar fa? Yaushe zan samu layi?"

"Wane layi? Komai a cinyarka za ka yi. Babbar na'ura ta masu kaya ce, ba wurin koyon hannu ba. Sai abu ya yi aiki a nan sau uku kafin ya je can."

Kayan aikin 'yan ƙanana ne, kowanne da kalmar da ake kiransa da ita. Ɗaya yana duba rubutunka ya nuna maka layin da ka manta waƙafi tun kafin ka kunna. Ɗaya yana yanko ɗan samfuri daga babban fayil, ya gudanar da rubutun a kansa cikin ƙiftawar ido. Ɗaya yana ajiye tarihin duk canjin da ka yi. Na ƙarshen, wanda Madam ta fi so, yana ƙirga layukan da suka shiga da waɗanda suka fita.

"Idan ɗari suka shiga, casa'in suka fita, kada ka kawo mini rahoto," in ji ta. "Ka kawo mini goman."

Ni da na saba jiran kwana uku don rubu'in awa, sai ga ni ina gwada abu sau hamsin kafin azahar, ba intanet, ba mai dafa mini kafaɗa. Na yi ɓarna kuma. Wata rana na rubuta umarnin sharewa a inda bai kamata ba, aikin kwana huɗu ya ɓace ɗungurungum. Na zauna gumi yana keto mini, ina tunanin yadda zan koma gida na dubi Baba. Madam ta leƙo ta kafaɗata, ta saka tabarau, ta buga kalmomi uku, komai ya dawo daga ma'ajiyar tarihi.

"Kowa sai ya yi wannan sau ɗaya," ta ce. "Ni sau biyu na yi."

Ta lura ba na cin abincin rana. Ba ta tambaye ni dalili ba. Washegari ta zo da kwano biyu, ta tura mini ɗaya: shinkafa ce da nono, da ɗan gishiri, babu barkono ko ƙwaya. Tun daga ranar kullum kwano biyu take kawowa.

A wata na biyar ta ba ni aikin gaske. Wani ɗan kasuwa ne a Halij da yake sayen gyaɗa da riɗi da zoɓo daga Sudan, yana da wuraren tara kaya a garuruwa da dama. An aiko da sababbin fayiloli masu kanun Larabci, aikina kawai na daidaita su da tsohon rubutun lodin. A wasiƙar da ta zo tare da su an ce a hanzarta, domin a ƙarshen kaka za su rufe wuraren da rahoto ya nuna ba sa kawo kaya sosai.

Na buɗe samfurin a baƙar taga, sai ga sunaye suna gangarowa: Managil, Damazin, Rusairis, Sinja. Na dakatar da shi na zauna ina kallo. Wata bakwai ban ga sunan wani wuri da na sani a rubuce ba. Na sa yatsa a kan gilashin kamar yaro.

Da na gama na gudanar da rubutun, komai ya tafi lafiya, babu jan rubutu ko ɗaya. Rahoton ya nuna Hasahisa a can ƙasan jeri. Abin ya ba ni mamaki, don na san yadda motoci suke layi a can lokacin gyaɗa. Na kira mai ƙirga layuka. Abin da ya fita bai kai abin da ya shiga ba. Na sa ya zubo mini waɗanda aka yar.

Kusan dukansu namu ne. Ma'aikatan sito kowa yana rubuta sunan garin yadda hannunsa ya saba: wani da Larabci da "al" a gaba, wani babu, wani ya sa harafin sinun a wurin sadun, wani da boko ya raba shi kalma biyu. Rubutu iri biyar, gari ɗaya. Tsohon rubutun lodin iri ɗaya kawai ya sani, sauran huɗun yana zubar da su shiru. Shekara uku ana haka. Na gangara saman rubutun don na ga wanda ya yi shi, sai na ga sunan Madam.

Ban faɗa mata a ranar ba. Da yamma na zayyana wa Alhaji Sabo komai, muna shan shayi.

"Alhaji, takarduna a hannunta suke. Kuma matar nan ita ke ciyar da ni. Zan iya gyara shi shiru ba wanda ya sani."

"In ka gyara shiru, rahotannin baya fa? Da su za su yanke hukunci ko ba da su ba?"

"Da su."

"Wa yake kai gyaɗa wurin nan?"

"Mutanenmu. Har da Baba."

"To me kake tambayata? Kuma ka raina matar nan in kana zaton ba za ta iya jin gaskiya ba."

Da safe na ɗauki kwamfutar na ajiye a teburinta. Na ce, "Madam, na kawo miki goman."

Ta karanta a hankali. Ta ce na nuna mata haruffan ɗaya bayan ɗaya, na nuna mata inda sinun ya bambanta da sadun, na ce duka sunan garinmu ne. Ta jawo kwamfutar gabanta ta sake gudanar da komai da hannunta, sau biyu. Ta cire tabarau ta daɗe tana murza idanu.

"A lokacin ba ni da mai karanta Larabci," ta ce. "Kuma ban ƙirga ba. Ni da nake hana kowa sakat da ƙirga." Ta ɗauki waya. "Zauna. Kai za ka fassara. Kada ka sassauta ko kalma ɗaya."

Manajan ɗan kasuwar ya ɗauka. Ta ce na gaya masa rahotannin shekara uku suna da giɓi, laifin nata ne ita kaɗai, kuma wanda ya gano shi ne yake magana da shi yanzu. Mutumin ya yi faɗa sosai. Na fassara mata faɗan kamar yadda ya fito, tana gyaɗa kai. Da ya huce sai ya tambaye ni da irin kiran da muke yi wa juna a Sudan, "Kai ɗan ina ne, ya zol?" Na faɗa masa. Sai ya ce yana son rahoto na gaskiya cikin kwana goma, kafin nan ba za a rufe ko'ina ba.

Aikin da ya rage shi ne na haɗa jadawalin duk sunayen wurare da duk yadda ake rubuta su. Manyan garuruwa ba su ba ni wuya ba. Ƙauyuka ne matsala, don akwai masu suna ɗaya a wurare daban-daban. Mutum ɗaya na sani da ya san su duka. Na kira gida ranar Talata, abin da ban taɓa yi ba.

"Lahiya, Mu'azu?" in ji Baba.

"Lahiya lau, Baba. Tambaya gare ni ta aiki."

Na karanto masa sunan farko.

"Wannan biyu ne. Akwai na gabas da babbar tur'a, su ka noman gyaɗa. Na wajen Managil dawa ce tasu, ba ka samun gyaɗa can. Wanne kake nuhi?"

Tur'a ita ce magudanar ruwan ban-ruwa, kuma Baba ya san kowacce da ƙauyukan da take shayarwa. Muka yi kusan awa guda, ina karantowa yana warwarewa, ni kuma ina bugawa. Muryarsa ta sake, har yana ba ni labarin wanda ya aura daga ina. Da muka zo ƙarshe na ce, "Baba, akwai abin da ban hwaɗa maku ba. Makarantar nan ta rufe tun da daɗewa. An cuce mu."

"Innarka ta hwaɗa mini tun watan azumi cewa akwai abin da kake ɓoyewa," in ji shi. "Yanzu kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Kana da aiki na halal?"

"Ina da shi."

"Halas. Karanto na gaba."

A sabon rahoton Hasahisa ta hau kusa da sama. Ba a rufe wurin ba, kuma ɗan kasuwar bai bar Madam ba.

Na ƙara shekara guda a wurinta. Sai ƙanwata ta kira ta ce Baba ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Ni ne namiji babba. Na shiga wurin Madam na ce zan ajiye aiki, ban san ranar dawowa ba.

"Wa ya ce ka ajiye?" ta ce. "Akwai wuta a ƙauyenku?"

"Tana zuwa tana tafiya. Intanet kuma sai an je gari."

"Sau nawa za ka iya zuwa garin?"

"Sau ɗaya a mako."

"Ya isa. Ka ɗauko samfuri, ka koma gida ka yi aikinka, ka dawo ka aiko."

Ta san saboda takunkumi ba a iya sauke manhajoji da yawa daga Sudan, don haka ta yini tana cika mini filashi biyu da duk kayan aikin da littattafan bayaninsu, ta ce na ajiye ɗaya a akwati ɗaya a aljihu. Alhaji Sabo ya raka ni filin jirgi. Ya ƙi yarda na yi masa godiya, ya ce in na cika surutu zai fasa kewata. Ya cusa mini ƙullin magungunan da likitan da ya sani ya rubuta wa Baba, ya juya da sauri ya shige cikin mutane.

Haka na koma. Da sassafe ina hawasha ina buɗe ruwa, da hantsi ina ƙarƙashin bishiyar dogon yaro ta tsakar gida da kwamfuta a cinya, Baba yana kishingiɗe a gadon igiya kusa da ni. Duk Alhamis na hau mota zuwa Hasahisa, na aika abin da na gama, na kira Madam.

Wata Alhamis Inna ta bi ni gari don ta sayi zare. Muna zaune a shagon intanet ina magana da Madam, sai ta miƙo hannu.

"Ba ni ita."

"Inna, ba ta jin Hausa, ba ta jin Larabci."

"Ba ni dai."

Na ba ta. Ta gyara mayafi kamar matar tana ganinta, ta yi sallama, ta shiga gaisuwa: ya gida, ya mai jiki, ya ɗiya. Ta gode mata da shinkafa da nono. Ta yi wa mijinta addu'ar samun sauƙi, ta yi wa zuriyarta. Ina jiyo muryar Madam daga can, ta bar Turanci ta koma yarensu, tana magana a hankali. Inna tana cewa "awo, awo," tana gyaɗa kai. Sun fi minti goma a haka, kowacce tana jiran ɗayar ta kai aya kafin ta karɓa.

Da ta miƙo mini wayar idanunta sun yi ja. Na sa a kunne.

"Mu'azu," in ji Madam, "me mahaifiyarka ta ce?"

Na fara fassara mata tun daga sallama. Inna ta matso da kujerarta kusa da ni, tana taɓa mini gwiwa duk inda take ganin na tsallake wani abu.